Martani: Ba rawar 'yan Afirka ta Kudu ce ta kai Mena Gabon ba

Edita, ina roƙon fili in mayar da martani ga wani ɗan'uwa marubuci da ya yi sharhi kwanan baya a kan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, Mena, da yadda ta samu gurbi a gasar cin kofin nahiyar Afirka ta 2012. Ba zan kama sunansa ba, domin da maganarsa nake ja, kuma maganar ma ba tasa ba ce shi kaɗai. Ana yin ta a fadojin Yamai, ana yin ta a nan Tabla da Baleyara da Filinge duk lokacin da hirar tamaula ta taso. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, ta tashi daga bakin butar shayi ta hau takarda, kuma yaran da ba su yi wayo ba a 2011 za su karanta su ɗauka tarihi ne.

Marubucin, wanda zan riƙa kira Malam, ya kafa hujjarsa a kan abu uku. Na farko, a cewarsa, Mena ba da ƙarfinta ta fito ba, 'yan Afirka ta Kudu ne suka kasa karanta doka suka miƙa mata gurbi a ranar da ita kanta ta sha kashi da ci 3 da nema a Alƙahira. Na biyu, wasannin da ta ci a gida, zafin ranar Yamai ne da rikicin siyasar Masar suka ci mata su. Na uku, da aka je gasar a Gabon asiri ya tonu, tunda wasa uku ta yi, uku ta faɗi. Daga nan sai ya yanke hukunci cewa abin da muke kira zamanin zinariya na Mena tsintuwa ce kawai, mu daina ruɗin kanmu. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma inda ya yi gaskiya zan ba shi gaskiyarsa.

Mu fara da abin da ya faru a fili. An saka Nijar a rukunin G tare da Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo. Masar ce ke riƙe da kofin, ta ɗauke shi sau uku a jere, a 2006 da 2008 da 2010. Afirka ta Kudu kuwa wata biyu ke nan da ta gama karɓar baƙuncin gasar cin kofin duniya. Ƙungiyar da ta zo ta ɗaya ce kaɗai ke da tabbacin wucewa. Ranar 4 ga Satumba 2010 Mena ta faɗi da ci 2 da nema a hannun Afirka ta Kudu a Nelspruit. Ranar 10 ga Oktoba ta doke Masar da ci 1 da nema a Yamai, Moussa Maazou ne ya zura ƙwallon. Ranar 27 ga Maris 2011 ta lallasa Saliyo da ci 3 da 1, a watan Yuni Saliyo ta rama da ci 1 da nema a Freetown. Ranar 4 ga Satumba 2011 ta kayar da Afirka ta Kudu da ci 2 da 1 a Yamai, da ƙwallayen Koffi Dan Kowa da Maazou. Sai wasan ƙarshe, ranar 8 ga Oktoba, wanda Masar ta ci 3 da nema.

Da aka tattara lissafi, Nijar da Afirka ta Kudu da Saliyo kowace tana da maki 9, Masar tana da 5. Dokar hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta ce idan ƙungiyoyi suka yi kunnen doki a maki, abin da ake fara dubawa shi ne sakamakon wasannin da suka yi tsakaninsu. A wasanni huɗu da kowace ta yi da sauran biyun, Nijar ta samu maki 6, Afirka ta Kudu 5, Saliyo 5. Shi ke nan zancen. Wannan doka a rubuce take tun kafin a busa usur na farko a 2010, kuma ta hau kan kowace ƙasa da ta shiga gasar. Ba a ƙirƙiro ta a daren 8 ga Oktoba don a yi wa Nijar alfarma ba.

Malam ya daɗe a kan bambancin ƙwallaye. Ya ce Mena ta zura 6 an zura mata 8, alhali Afirka ta Kudu ta zura 4 an zura mata 2, don haka da a ce da ƙwallaye ake rarrabewa, da Nijar ta uku za ta zo. Lissafin daidai ne. Amma da a ce ba ta cin wasa. Masoya Real Madrid da Barcelona, waɗanda suka cika gidajen kallonmu, sun san abin da ya faru a Sifaniya a kakar 2006 zuwa 2007. Ƙungiyoyin biyu sun gama da maki 76 kowace, Barcelona ta yi wa Madrid nisa a yawan ƙwallaye, amma Madrid ce ta ɗaga kofi, saboda ta ci wasan farko tsakaninsu da ci 2 da nema, na biyu kuma aka tashi 3 da 3. Ban taɓa jin wani ɗan Madrid a Filinge ya ce a mayar da wannan kofi ba, ban kuma ji ɗan Barcelona mai hankali ya ce tsintuwa ce ba. Me ya sa dokar da ta zama adalci a Turai za ta koma sa'a idan ta faɗo a kan Nijar? A 2018 ma Senegal ta fita daga gasar cin kofin duniya a Rasha saboda ta fi Japan yawan katin gargaɗi, bayan sun yi daidai a maki da ƙwallaye. Ta yi zafi, amma kowa ya san da dokar aka shiga.

Akwai kuma abin da Malam ya tsallake cikin lissafin nasa. A rukunin nan gaba ɗaya, Nijar ce kaɗai ta ci wasa uku. Afirka ta Kudu biyu ta ci, Saliyo biyu, Masar ɗaya. Tsarin maki uku ga wanda ya ci, ɗaya ga canjaras, an kawo shi ne don a saka wa mai neman nasara, a rage wa mai wasan kare kai. Afirka ta Kudu ta yi minti 180 tana wasa da Saliyo, gida da waje, ba ta zura ko da ƙwallo ɗaya ba. Mena ta zura wa Saliyon nan uku a yammaci guda. Ƙungiyar da ƙwallo huɗu kacal ta iya ci a wasa shida, wai ita ce aka zalunta?

Yanzu ga maganar rawa. Gaskiya ne, ranar 8 ga Oktoba 2011, da labari ya isa Nelspruit, inda suke wasa da Saliyo, cewa Masar tana cin Nijar, 'yan wasan Afirka ta Kudu sun koma ɓata lokaci suna jiran a tashi babu ci, suna zaton canjaras ya ishe su. Da aka busa tashi suka zagaya fili suna rawa, kafin a sanar da su cewa sun fita. Mai horar da su, Pitso Mosimane, da bakinsa ya amsa cewa canjaras ya nema. Hukumar ƙwallonsu ta yi yunƙurin ɗaukaka ƙara, daga baya ta janye ta nemi afuwar 'yan ƙasarta. Gaskiya ne kuma, da ɗaya daga cikin ƙungiyoyin biyu ta zura ƙwallo guda a wannan wasa, da ta kai maki 11, da Mena ta zauna a gida. Ban musa ba.

Sai dai Malam ya ɗauka kamar ƙwallon tana aljihun Afirka ta Kudu ne, ta ga dama ta ƙi fito da ita. Tun minti na farko suke neman ta ba su samu ba, kamar yadda suka nema a Freetown shekara guda kafin nan ba su samu ba. Saliyo kuma ba kallo ta je yi ba, ita ma nasara ce kaɗai za ta ba ta gurbi. Kuma in sa'a za a lissafa, a lissafa ta kowa. A watan Maris 2011 Afirka ta Kudu ta ci Masar da ƙwallon Katlego Mphela a cikin mintunan da aka ƙara bayan cikar lokaci. Wannan ƙwallo ɗaya ce ta ƙara mata maki biyu, ba don ita ba da ba ta ma shiga sahun masu maki 9 ba. Me ya sa tasu ƙwazo ce, tamu kuma tsintuwa?

Mu mutanen ƙasar Kurfai mun san kokowa. A gasar takobi ta ƙasa, idan lokaci ya cika ba a yi kaye ba, akwai zagayen da alƙalai ke duba wanda ya fi tara gargaɗi su ba abokin karawarsa nasara. In ɗan kokowa ya shiga fili bai san haka ba, ya yi ta kewaye yana jan lokaci, aka ɗaga hannun ɗan'uwansa, wa za a zarga? Ba wanda zai ce wanda ya yi nasara tsinta ya yi. Masu horar da wanda ya faɗi za a tuhuma. Sanin doka yana cikin wasa, kuma rashin saninta kaye ne kamar kowane kaye.

Tunda Malam ma'abocin kallon wasannin ƙetare ne, bari in kai shi Amurka, ga irin ƙwallonsu da ake runguma a ruga da ita. A kakar 2010 ta gasar NFL, daidai lokacin da Mena ke fafutukarta, ƙungiyar Seattle Seahawks ta ci wasa 7 ta faɗi 9. Duk da haka ita ta zo ta ɗaya a rukuninta, bayan ta yi kunnen doki da St. Louis Rams aka raba su da sakamakon wasannin cikin rukuni. Masu sharhi sun yi ta cewa abin kunya ne ƙungiyar da faɗuwarta ta fi nasararta yawa ta shiga zagayen fitar da gwani. Ranar 8 ga Janairu 2011 ta karɓi baƙuncin masu riƙe da kofi, New Orleans Saints, ta doke su da ci 41 da 36 a gidanta. Mako guda bayan nan Chicago ta fitar da ita. Amurkawa ba su goge wannan kaka daga tarihi ba. Ƙungiyar ta bar mai horarwarta, Pete Carroll, a kan aiki, ta yi ta gini a kan abin da ta samu, shekara uku bayan haka ta ɗauki kofin Super Bowl. A riƙe wannan, zan dawo kansa idan na zo maganar mai horar da Mena, Harouna Doula.

Hujja ta biyu ita ce rana. Malam ya ce ba Mena ce ta ci baƙi ba, zafin Yamai ne. To, wace ƙasa ce ba ta cin moriyar gidanta? Bolibiya tana karɓar baƙi a La Paz, a tudun da ya kai kimanin mita 3,600, inda numfashi ke yi wa baƙo wuya, a can ta zura wa Ajantina 6 da 1 a 2009 da Messi a cikin fili da Maradona a benci. Sakamakon yana nan a littafi. Su kansu 'yan Afirka ta Kudu a Johannesburg suka kai Masar, birnin da ke kan tudu. Don haka ne ma ake yin wasa gida da waje, kowa ya ɗanɗana na ɗan'uwansa. Sannan su wane ne baƙin da rana ta kayar? Misirawa ba daga ƙasar ƙanƙara suka zo ba, 'yan Saliyo ma haka. Kuma ranar nan da ke dukan baƙi, ita ce ke dukan Maazou, wanda a lokacin a Turai yake taka leda. Rana ta daɗe tana fitowa a Yamai. Ta fito a duk wasannin share fagen da Nijar ta yi tun bayan samun 'yancin kai a 1960, ba ta taɓa kai mu ko'ina ba sai da aka samu 'yan wasan da suka iya aiki a ƙarƙashinta.

Batun rikicin Masar kuwa, kwanan wata kaɗai ya isa amsa. Juyin juya halin da ya kawar da Hosni Mubarak a watan Janairu 2011 ya fara. Mena ta doke Masar a watan Oktoba 2010, wata uku kafin nan, lokacin da mai horar da ita, Hassan Shehata, ke kan kujerarsa, wata takwas da 'yan kwanaki bayan ya ɗaga kofi a Angola. A cikin shekarar nan Masar ta hau har mataki na 9 a jadawalin FIFA na duniya. In akwai wanda ya ci moriyar rikicin Masar, to Afirka ta Kudu ce da Saliyo, waɗanda suka kayar da ita a Maris da Satumba 2011, bayan al'amura sun dagule.

In kuma wahalar gida uzuri ce, to mu ma a ba mu namu. A ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka kifar da gwamnatin Tandja Mamadou. A shekarar nan ne ƙarancin abinci ya addabi miliyoyin 'yan Nijar, kuma mu a jihar Tilaberi ba labari aka ba mu ba. Cikin mulkin riƙon ƙwarya Mena ta fara wasanninta, ta ƙare su bayan an rantsar da Issoufou Mahamadou a watan Afrilu 2011. Wasannin gida uku duk ranar Lahadi aka yi su, ranar kasuwar Baleyara, kuma da yawa daga cikin mutanen karkara ta akwatin rediyo suka bi su. Wanda ya ga yadda fuskokin mutane suka washe a waɗannan ranaku, a shekarun da abin farin ciki ya yi ƙaranci, ba zai yi saurin kiran abin ruɗi ba.

Babbar matsalar rubutun Malam ita ce ya ɗauki wasa shida ya yanke su daga abin da ke gabansu da abin da ke bayansu. Tsintuwa sau ɗaya ake yin ta. Bari mu duba abin da ya kewaye ta. A watan Maris 2010, a wasannin neman gurbin gasar CHAN ta 'yan wasan da ke taka leda a cikin gida, Nijar ta fitar da Najeriya, ta ci 2 da nema a Yamai, aka tashi babu ci a Kano. A shekarar nan ƙungiyar sojoji, AS FAN, ta fitar da Étoile du Sahel ta Tunisiya ta kai matakin rukuni a gasar kofin ƙalubale ta CAF. A ƙarshen shekarar Nijar ta ɗauki kofin ƙasashen UEMOA a Yamai. A watan Fabrairu 2011, a gasar CHAN ta Sudan, Mena ta doke Ghana da Zimbabuwe ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, sai a bugun fanareti masu masaukin baƙi suka fitar da ita. Ina rana a Kano da ta fi ta Yamai sauƙi? Wane ɗan Afirka ta Kudu ne ya yi rawa a Sudan? Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Wannan jerin nasarori yana da tushe. Akwai gungun 'yan wasa da suka daɗe tare suka san juna: Kassaly Daouda a raga, Koffi Dan Kowa da Mohamed Chikoto a baya, Idrissa Laouali a tsakiya, Maazou da Kamilou Daouda a gaba. Akwai sabon shugabanci a hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FENIFOOT, tun 2009 ƙarƙashin Djibrilla Hima Hamidou, wanda aka fi sani da Pele. Akwai kuma mai horarwa ɗan ƙasa, Harouna Doula Gabde, wanda ya san yaransa ya san abin da za su iya. A watan Disamba 2011, a birnin Accra, CAF ta zaɓe shi gwarzon mai horarwa na nahiyar Afirka. Waɗanda suka ba shi kyautar sun ga rawar Nelspruit kamar yadda Malam ya gani, ba ta hana su yabon gwani ba.

A tuna kuma ƙasashe 16 ne kawai ke zuwa gasar a lokacin, biyu daga ciki masu masaukin baƙi, Gabon da Equatorial Guinea. Gurbi 14 ake kokawa a kai. Najeriya ba ta je ba, Kamaru ba ta je ba, Aljeriya ba ta je ba, Masar da Afirka ta Kudu ba su je ba. A ranar da Mena ta fito, a ranar ce Gini ta yi 2 da 2 da Super Eagles a Abuja ta hana su tafiya. Shekara guda bayan haka, wannan Ginin ce aka haɗa da Nijar a neman gurbin gasar 2013. Ta ci 1 da nema a Konakiri, ranar 14 ga Oktoba 2012 Mena ta rama da ci 2 da nema a Yamai ta wuce. A nan babu doka mai sarƙaƙiya, babu wanda ya yi kuskuren karatu, wasa biyu ne wanda ya fi ƙwallo ya tafi. Malam bai ambaci wannan ba ko a layi ɗaya, kuma na san dalili: ya rushe masa gini.

Sai hujja ta uku, kuma a nan ne Malam ya fi kusa da gaskiya. A Libreville Gabon ta ci mu 2 da nema ranar 23 ga Janairu 2012, Tunisiya ta ci mu 2 da 1, Maroko ta ci mu 1 da nema. A 2013 a Port Elizabeth ta Afirka ta Kudu, Mali ta ci 1 da nema, aka yi canjaras da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, Ghana ta ci 3 da nema. Wasa shida, maki ɗaya, ƙwallo ɗaya, wadda William N'Gounou ya zura wa Tunisiya. A wasannin share fagen ma Mena ba ta ci ƙwallo ko ɗaya a waje ba, an zura mata shida. Ƙungiya ce mai rauni idan ta bar gida, wannan ba abin ɓoyewa ba ne.

Amma a duba yadda aka faɗi. Tunisiya sai a minti na 90 Issam Jemaa ya raba gardama. Maroko sai da wasa ya kusa ƙarewa ta samu ƙwallonta. Mali, wadda ta ƙare a matsayi na uku a 2013, sai da saura 'yan mintuna Seydou Keita ya cece ta. Wannan alamar ƙungiya ce da ƙwarewa da zurfin benci suka yi wa ƙaranci, irin abin da ke samun kowane sabon shiga. Botsuwana, wadda ita ma karon farko ke nan ta je a 2012, wasa uku ta faɗi, har Gini ta zura mata 6, alhali ita ce ta zo ta ɗaya a rukuninta na share fage a gaban Tunisiya, kuma CAF ta ba ta kyautar ƙungiyar shekara. Shin ita ma tsintuwa ta yi?

Sannan akwai abin da ya faru a bayan fage, wanda ya kamata Malam ya zuba fushinsa a kai. Ana gab da tafiya Gabon aka kawo Bafaranshe Rolland Courbis a matsayin mai ba da shawara. Bayan wasan farko ragamar ƙungiya ta koma hannunsa, gwarzon mai horarwa na Afirka ya koma gefe, wata guda kacal bayan an karrama shi. Courbis ɗin ma bai cika shekara ba ya tafi, aka kawo Gernot Rohr, wanda daga baya ya horar da Najeriya. Masu horarwa uku cikin shekara ɗaya. Seattle ta yi haƙuri da nata ta ci riba, mu kuwa muka yi wa namu gaggawa a tsakiyar gasa. Da a ce Doula sa'a ce kawai ta ɗaga shi, da ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Amma a farkon 2023, a gasar CHAN ta Aljeriya, shi ne dai ya jagoranci Mena ta doke Kamaru da ci 1 da nema, ta doke Ghana da ci 2 da nema, ta ƙare a matsayi na huɗu. Shekara goma sha biyu tsakani, yara daban, mutum ɗaya.

A nan ne nake ganin illar rubutun Malam ta wuce rage wa 'yan wasa daraja. Duk wanda ya ce sa'a ce, ya wanke waɗanda ya kamata a tambaya. Sa'a ba ta da ofis, ba a kiran ta ta yi bayani. In kuwa aka yarda cewa aiki ne ya kai mu Gabon da Afirka ta Kudu, dole tambaya ta biyo baya: ina aikin ya tsaya, wa ya tsayar da shi? Tun 2019 aka faɗaɗa gasar zuwa ƙasashe 24, amma tun 2013 Nijar ba ta sake leƙa ta ba. Filin wasa na Janar Seyni Kountché, wanda aka buɗe a 1989, wanda ke ɗauke da sunan ɗan Fandu na nan yankinmu, shi ne makamin da ya ba mu maki 9 ɗin nan. An wayi gari bai cika sharuɗɗan CAF ba, Mena ta koma karɓar baƙinta a ƙasashen mutane, yau Marrakech, gobe Kwatano, jibi Lome. Malam ya ce gida ne kaɗai ƙarfin Mena. To in haka ne, rasa gidan shi ne babban labari, kuma ba sa'a ce ta rufe shi ba. Duk da haka, a watan Nuwamba 2024 yaran sun ci Sudan 4 da nema a Lome, suka je Accra suka doke Ghana 2 da 1, maki ɗaya ne ya raba su da gurbi. Da an yi wasanninsu na gida a gaban jama'arsu, wa ya san inda lissafin zai tsaya?

Tambaya ta biyu ta fi kusa da mu. Manyan ƙungiyoyin gasar ƙasa mafi yawansu a Yamai suke, kuma da dama na hukumomi ne: soja, 'yan sanda, jandarmomi, kwastan, dakarun tsaron ƙasa. Yaron da ke buga ƙwallo ba takalmi a Tabla ko Bonkuku ko Cikal, ta wace hanya mai neman 'yan wasa zai gan shi in bai yi ƙaura zuwa birni ba? Kokowa ta warware wannan tun 1975, lokacin da aka fara gasar ƙasa a Tahoua a zamanin Kountché. Ana tace 'yan kokowa tun daga ƙasa har kowace jiha ta fitar da goma, kuma gasar tana zagaya jihohi takwas. Shi ya sa ɗan ƙauye ke iya ɗaukar takobi. Ƙwallon ƙafa tana buƙatar irin wannan tsani, kuma nasarar 2011 da 2012 ita ce damar da ya kamata a kafa shi a kai. Wannan ne abin kuka, Malam, in kuka kake son yi.

Ina kira ga ɗan'uwana marubuci, idan zai sake komawa kan wannan tarihi, ya kawo shi cikakke: ya faɗi 3 da nema ta Alƙahira, ya faɗi 1 da nema ta Yamai, ya faɗi rawar Nelspruit, ya kuma faɗi Kano da Gini. Ina kira ga FENIFOOT da ma'aikatar wasanni su tabbatar Mena tana karɓar baƙinta a Yamai, su riƙa ba masu horarwa na gida lokaci da daraja, su kuma shimfiɗa gasar matasa da za ta iso Filinge da sauran gundumomi. Ga matasan da ke karanta wannan kuwa, ku riƙe lissafin da kanku: wasa uku a gida, nasara uku, maki 6 a kan 5 da 5. Mena ta je gasar 2012 ne domin ita ta zo ta ɗaya a rukuninta bisa dokar da kowa ya amince da ita, kuma ta sake komawa a 2013 da ƙarfinta. Allah Ya sa mu ga ta uku.